Muraƙaba a Matsayin Maganin Fushi ga Matan da ke Gidajen Gyaran Hali

Macen da ke tsare tana kwana tana tashi da abubuwan da ke hura wutar fushi: rabuwa da 'ya'ya, jinkirin shari'a, cunkoson ɗaki da ƙyamar dangi. Dokar 2019 ta mai da gidajen yarin Nijeriya gidajen gyaran hali, gyaran hali kuwa yana buƙatar tafarkin da za a koyar.

A 1979 Jon Kabat-Zinn ya ɓullo da horon mako takwas a Jami'ar Massachusetts ta Amurka, inda mutum ke koyon lura da numfashinsa da motsin zuciyarsa kafin ya aikata komai. An gwada shi a gidajen yarin wannan jiha, binciken da aka buga a 2007 ya nuna raguwar husuma, musamman a tsakanin mata. Sai dai tushen horon addinin Buddha ne.

Musulmi na da abin da ya wadatar da shi. Aya ta 134 ta Suratu Ali Imrana ta yabi masu haɗiye fushi, abin da ke nuna fushin yana nan, riƙe shi ake nema. Sunna ta koyar da neman tsari daga Shaiɗan, da zama idan mutum na tsaye. Imam Gazali (ya rasu 505 H) ya bayyana a Ihya'u Ulumid Din cewa maganin fushi ilimi ne da aiki. Muraƙaba, wato tuna cewa Allah na ganin bawa, ita ke buɗe tazara tsakanin tasowar fushi da motsin harshe ko hannu. Sharaɗinta shi ne a saba da ita a lokacin natsuwa, kamar bayan sallar Asuba, domin wanda fushi ya riga ya kama ba ya karɓar darasi.

Ƙasar Gwandu ta gaji wannan ilimi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo (ya rasu 1829) ya wallafa Tahzibul Insan a kan tsarkake ɗan Adam daga halayen Shaiɗan, Nana Asma'u kuma ta tura jajis su karantar da mata a garuruwansu ta hanyar 'Yan Taru. Ya dace malamai mata da ɗaliban Jami'ar Tarayya da ke Kalgo su bi wannan sawu, su nemi izinin hukuma su riƙa zama da matan da ke tsare a Jihar Kebbi mako-mako, tare da masana halayyar ɗan Adam. Allah ne mafi sani.