Ɗan Talaka da Ƙofar Jami'a: Shiri Tun Daga Aji Huɗu

A Birnin Kebbi da Argungu, da wuya ka shiga unguwa ba ka tarar da yaron da ya gama sakandare da kyakkyawan sakamako ba, amma yana zaune a gida ko yana haya da babur. In ka tambaya sai a ce babu hali. Gaskiya ne talauci na da nasa kason, sai dai sau da yawa abin da ya tare yaron rashin jagora ne. Ɗan ma'aikaci yana da wanda zai nuna masa hanya, ɗan manomin fadama kuwa shi ne na farko a gidansu da zai bi ta.

Makarantun kam suna kusa. Akwai Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, da Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru, da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero, ga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu. Sanin yadda ake shigarsu shi ne aikin.

Shirin yana farawa ne tun daga aji huɗu na sakandare, lokacin da ake raba ɗalibai zuwa kimiyya, kasuwanci ko adabi. Wanda yake son likitanci amma bai ɗauki Fiziks da Kemistiri da Bayoloji ba ya rufe wa kansa ƙofa bai sani ba. Sannan ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB, har da Turanci, da Lissafi a yawancin fannoni.

Sai JAMB. Darussa huɗu ake rubutawa, Turanci dole, maki 400 ne gaba ɗaya, kuma a kan kwamfuta. Yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar jarrabawa ya shiga da rabin ƙarfinsa, don haka a nema masa inda zai yi gwaji tun da wuri. Tun 2021 ba a yin rajista sai da lambar NIN. A nan ne ƙaramin kuskure ke zama babba: a takardar makaranta Muhammadu, a NIN Mohammed, ko ranar haihuwa ta saɓa. A daidaita su kafin a buɗe rajista a farkon shekara. In an ba yaro gurbi kuma, sai ya shiga shafin JAMB ya karɓa da kansa, in ba haka ba gurbin na iya kuɓucewa.

Akwai damar da iyaye da yawa ba su sani ba. Jami'o'in tarayya suna keɓe kashi 20 cikin 100 na gurabensu ga jihohin da ke baya a ilimin zamani, kuma Kebbi na cikinsu. Game da kuɗi, a 2024 aka fara bayar da rancen karatu na NELFUND ga ɗaliban makarantun gwamnati, ba ruwa a kansa, kuma ba a fara biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Wanda bai samu jami'a kai tsaye ba ya yi NCE ko difloma, daga baya ya nemi shiga aji biyu na jami'a. Hanya mai nisa ba ta hana zuwa.

Kada kuma a zaɓi fanni don daɗin suna. Kwarin Rima ƙasar shinkafa ce. Kamfanin sarrafa shinkafa na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017 da na Labana a Birnin Kebbi ba sa tafiya sai da masu gyaran inji, masu aikin lantarki, akantoci da malaman gona. Asibitoci da makarantun ƙauyukanmu ma suna jiran ungozoma da malamai, musamman mata. Yaro ya haɗa karatunsa da sana'ar hannu, ita za ta riƙe shi kafin takarda ta fara ciyar da shi.

Kira ga duk wanda ya taɓa bin wannan hanya, malami ne ko ma'aikaci ko ɗalibin jami'a da ya zo hutu: ka ɗauki yaro ɗaya a unguwarku, ka duba takardunsa, ka zauna da shi a kan zaɓin darussa, ka raka shi wurin rajista. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da masu hali su ɗauki nauyin kuɗin fom. Iyaye kuma ku riƙa tambaya tun yaro yana aji huɗu, kada ku bari sai an rufe rajista.