Rawar Sitiyari a Hanyar Damaturu

Motar ƙanina ba ta fara rawa sai an wuce Auno. A cikin gari, daga Gwange zuwa Kasuwar Litinin, lafiyarta lau. Amma da an fita ta Njimtilo, allura ta haura ɗari, ka ɗora ƙafa a birki, sai sitiyari ya kama kakkarwa a hannunka kamar mai zazzaɓi, birkin kuma yana bugun tafin ƙafarka. Ka ɗaga ƙafa, shiru.

Lexus IS 250 ce, kuma yaron yana ji da ita. Dare da rana yana kallon masu tsere a Nürburgring ta ƙasar Jamus, har ya tara kuɗi ya sayo faifan birki mai huji-huji, wanda makanikai ke kira dis, da fad irin na filin tsere. A watan Janairun 2025 aka ɗaura su. Wata biyu mota na tsayawa sumul, sai da ta ci kilomita kusan 3,000 rawar ta ɓullo.

Mai gyaran taya ya ce balansin ne. Aka yi, ba ta sake zani ba. Mai kayan gyara ya ce zafi ne ya lanƙwasa faifan, ya canza masa wasu. Rawa ta ɗauke, muka yi hamdala. Bayan wata kilomita 3,000 ɗin sai ga ta ta dawo, kamar mai bin bashi.

A lokacin na sa baki, domin a motar nan yake kai mahaifiyarmu Potiskum. Wani direba ya kwatanta mana garejin wani dattijo a Bolori, a wani lungu da ke bayan titin Baga. Muka je da hantsi a watan Afrilu, rana ta riga ta fara dukan kwano.

Dattijon ya saurari labarin har ƙarshe bai taɓa motar ba.

"Ɗana, in kana gudu ba ka taka birki ba, tana yi?"

"A'a, Baba."

"To cire mai taya daga ciki. Tayar da ba ta da balansin ba ta jiran birki."

Ya sa yaransa suka ɗaga gaban motar a jak. Ya kama tayar hagu sama da ƙasa ya jijjiga, ya kama gefe da gefe ya jijjiga, ya yi wa ta dama haka. Babu motsi, wato boris da tayarod sun fita daga zargi. Aka kwance tayoyin, ya zare sandunan da kalifa, mai riƙe da fad, ke zamewa a kansu, ya same su da girisinsu, ba su cije ba.

Saura zafi, kuma ni can zuciyata ta karkata. Na san tuƙin ƙanina, na san hanyar. Tsakanin Maiduguri da Damaturu, kilomita wajen 130, mota takan saki jiki sannan ta ci birki a shingen jami'an tsaro, a Jakana, a Mainok, a Benisheikh. Dokar hanya ta ce ƙaramar mota kada ta wuce 100 ko a babban titi, shi kuwa da bakinsa ya amsa cewa yana taɓa 140. Abin da matasa ba su lissafawa shi ne, in gudu ya ninka biyu, zafin da birki zai sha ninki huɗu yake yi. Mota mai nauyin kilo 1,600 da ta tsaya daga 140 takan zuba wa birkinta zafin da zai tafasa ruwa lita huɗu, cikin 'yan daƙiƙu. In direba ya tsaya a shinge ya danne birkin yana jira, fad yakan manne a wuri ɗaya ya bar shatinsa a jikin faifan, daga nan rawa ta samo asali. Na faɗi wannan da zafi, ina kallon ƙanina.

Baba ya juya faifan a hankali cikin hasken rana. "Malam, maganarka tana kan hanya, kuma ya kamata yaron nan ya ji ta. Amma duba. Ba shatin fad, ƙarfen bai yi shuɗi ba. Kuma ƙafa ɗaya ce ke taka birkin hagu da na dama. In ita ce mai laifi, duka biyun za su kamu."

Ya shiga ɗaki ya fito da wani ƙaramin akwatin katako. Ciki akwai ma'aunin kauri da wani ɗan agogo mai allura ɗaya da ƙafar maganaɗisu. Ya raba faifan gida takwas da alli, ya auna kaurin kowane gida, yaronsa na rubutawa a bayan kwali. Na dama kaurinsa ɗaya ko'ina. Na hagu kuwa akwai bambancin milimita 0.03 tsakanin wuri mafi kauri da mafi siranta. Gashin kai ya fi wannan kauri, amma ya isa: duk zagaye ɗaya faifan yana tura fad baya ya sake shi, bugun ya bi man birki ya zo ƙafa, ya bi ƙafar mota ya zo sitiyari.

"Na farkon da aka cire, suna ina?"

Suna but, cikin buhu. Irin wannan faifan ana buga wa kowane alamar ɓangarensa, don haka ba a sha wahalar gane na hagu ba. Ya auna. Na dama lafiya, na hagu ciwo iri ɗaya.

Nan gareji ya yi tsit. Faifai huɗu, biyu sun lalace, kuma dukansu a kusurwa ɗaya ta motar.

"Faifan nan ba da ciwonsa ya zo ba," in ji Baba. "A nan ya ɗauka."

Ya ɗaure faifan hagu da notinsa biyar ba tare da taya ba, ya kafa agogon a jikin ƙafar mota, bakin allurar na taɓa gefen faifan. Ya juya da hannu. Allura ta tafi ta dawo, 0.12. Yawancin masu ƙera mota ba su yarda wannan layin ya wuce 0.05 ba. Ya sa alli a inda allura ta fi tashi, a jikin faifan, ya sa wani daidai wurin a kan ƙusar hob, wato mazaunin faifan. Sannan ya cire faifan, ya juya shi da rami biyu, ya mayar ya ɗaure. Wannan dabarar ta burge ni ƙwarai, don ba ta bukatar komai sai alli da haƙuri. In karkatar a jikin faifan take, za ta bi allin faifan. In a mazauninsa take, za ta tsaya inda take.

Ta tsaya inda take, daidai ƙusar nan mai alli.

Ya zare faifan, ya shafa fuskar hob da babban yatsa, ya kira ni. Tsakanin ƙusoshi biyu akwai ɓawon tsatsa, baƙi-baƙi, ya daskare har yana ƙyalli saboda matsar noti. Da ido za ka ɗauka launin ƙarfen ne. Da farce kake jin tudunsa. Ya sa bakin sukundireba ya ɓamɓaro wani yanki kamar ƙwayar gero da aka daka, ƙarƙashinsa busasshen laka ja.

"Ɗana, ina motar nan ta kwana ranar ruwan Alau?"

Ƙanina ya yi shiru kafin ya amsa. Babu ɗan Maiduguri da ke son tuna 10 ga Satumba, 2024, daren da madatsar Alau ta ɓalle, Ngadda ta haura gidaje, Gwange ta zama tafki. Motar tana ƙofar gida, ɓangaren hagu a bakin kwata, inda ƙasa ta gangara. Ko da ruwa ya janye, tayar hagu ta gaba ta ƙara kwanaki a cikin taɓo. Daga baya an juye man inji, an busar da kujeru, an bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya leƙa bayan faifan birki.

Sauran bayanin ya warware kansa. Muddin tsohon faifan na zaune a inda ya saba, ba a ji komai ba. Ranar da aka buge shi da guduma aka cire, tsatsar ta fashe, wani wuri ta zube, wani wuri ta tsaya, aka ɗora sabo a kai ba a goge ba. Ɗan tudu kusa da tsakiya yakan zama babbar karkata a bakin faifai. Mota na tafiya, ko ba a taka birki ba, wurin da ya karkato yana shafar fad sau ɗaya a kowane zagaye, yana cinyewa kaɗan-kaɗan. Shi ya sa sai an yi dubban kilomita rawar ke fitowa. Fad ɗin tsere ya ƙara wa abin sauri, domin an yi shi ne ya yi aiki da zafi mai tsanani; in yana da sanyi kamawarsa ba ta da kyau, kuma gurzar ƙarfe yake kamar dutsen wasa wuƙa. Maiduguri ba ta da filin tseren mota, kuma ko masu shiga filin da gaske da yawansu suna gudun faifai mai huji, saboda daga bakin hujin tsagewa ke farawa.

Gyaran bai kai awa biyu ba. Buroshin waya da samfefa, har fuskar hob ta yi fari. Sabon faifai marar huji, fad na titi, agogo ya nuna 0.03. Ya juye man birkin gaba ɗaya ya zuba sabon DOT 4, don man birki shan ruwa yake: sabo sai ya kai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya tafasa a 155, ranar nan ƙafa sai ta nutse ƙasa mota ba ta tsaya ba. Notin taya ya ɗaure su a tsallake, ɗaya ya haye ɗaya, da sifana mai awo a kan 103. Sannan ya umarci ƙanina ya nemi wuri marar cunkoso ya rage gudu daga 80 zuwa 20 sau takwas ba tare da tsayawa cak ba, ya bar birki ya huce a tafe.

Ban saki jiki ba sai da damina ta sauka, mota ta wuce kilomita 5,000 a kan sabon faifan. Muka koma Bolori don a sake aunawa. Allura ba ta gusa daga 0.03 ba. Muna shirin tafiya wata Corolla ta shigo, shatin ruwan laka har yanzu yana bayyane a cikin ƙofarta, mai ita na cewa sitiyari na yi masa rawa in ya taka birki. Baba bai ko tashi daga benci ba.

"Kai, ɗauko jak. Ka haɗo da alli da buroshin waya."