Rangwamen Direba Mai Kiyayewa da Yadda Ake Tafiya da Shi Zuwa Sabon Kamfanin Inshora

Tun daga dokar zirga-zirgar motoci ta 1930, ba a yarda mutum ya hau titi da mota a Birtaniya ba sai yana da inshorar da za ta biya wanda ya ji wa ciwo. A yau wanda aka kama babu ita zai biya tarar fam 300, a kuma ɗora masa maki 6 na laifi a lasisinsa. Tunda biyan ya zama dole, abin da ya rage wa direba shi ne neman sauƙi, kuma babbar ƙofar sauƙin ita ce rangwamen da ake yi wa wanda ya shekara bai nemi diyya ba. Kowane kamfani da ma'auninsa, amma galibi shekara guda ba tare da neman diyya ba kan jawo ragin kusan kashi 30 cikin ɗari, shekara biyar kuma ta kai mutum ga kashi 60 ko fiye. Wannan ragi mai tsoka shi ke sa direbobi da yawa su lafe a kamfani ɗaya shekara da shekaru, suna tsoron in sun motsa zai zube. Tsoron nan ba shi da tushe. Rangwamen haƙƙin direba ne da ya tara da kiyayewarsa, yana kuma binsa duk kamfanin da ya koma, muddin ya riƙe takardar shaida, ya lura da lokaci, ya faɗi gaskiya.

Dalilin da ya sa rangwamen ke bin mutum yana cikin yanayin sana'ar kanta. Kamfanin inshora ba ya zama a cikin mota ya ga yadda direba ke tuƙi. Abin da ya fi dogara da shi shi ne shekarun mutum, irin motarsa, unguwarsu, da tarihin da ya bari a baya. A cikin waɗannan, tarihin ne ya fi nuna halin direban shi kansa, domin wanda ya yi shekara biyar bai jawo asara ba ya fi yiwuwa ya ƙara ta shida lafiya. Wannan tarihi yana da daraja ga tsohon kamfani, yana kuma da daraja iri ɗaya ga sabo, har ma sabon ya fi ɗokinsa, tunda direba mai kiyayewa shi ne abokin cinikin da kowa ke nema. Faransa ta mayar da wannan fahimta doka: kowane direba yana farawa da ma'aunin 1.00, ana rage masa kashi 5 cikin ɗari duk shekarar da bai yi haɗarin da laifinsa ne ba, har ya sauko 0.50 bayan shekara 13, haɗari guda na laifinsa kuma ya ƙara masa kashi 25. Ma'aunin na direba ne, dole sabon kamfani ya karɓe shi yadda yake. A Birtaniya ba doka ce ta tsara ma'aunin ba, gasar kasuwa ce ta sa kamfanoni ke amincewa da shekarun da mutum ya tara a wurin abokan hamayyarsu.

Tunda tarihin shi ne dukiyar, abu na farko shi ne shaidarsa. Sabon kamfani zai yanka farashi bisa shekarun da direba ya faɗa, sannan ya ba shi wa'adi, yawanci 'yan makonni, ya kawo takarda. Takardun da aka fi karɓa su ne sanarwar sabunta inshora da tsohon kamfani ke aikowa kafin shekara ta cika, ko wasiƙar da yake bayarwa bayan an rufe yarjejeniya, mai ɗauke da sunan direba, lambar motar, adadin shekarun, da ranar da inshorar ta ƙare. Wanda ya yi sakaci wa'adin ya wuce, ko dai a cire rangwamen a nemi ya cika kuɗi, ko a soke inshorar gaba ɗaya. Sokewar ta fi muni, domin duk kamfanin da ya tunkara daga baya zai tambaye shi ko an taɓa soke masa inshora. Akwai kuma wani abin lura: wasu kamfanonin ba sa ƙirga fiye da shekara biyar ko tara. Direban da ya tara shekara goma sha biyu, in ya koma irin wannan kamfani, takardar da za a ba shi a ƙarshen shekara za ta iya nuna adadin da ya gaza nasa na gaskiya. Maganin abin shi ne ya adana tsofaffin takardunsa, ya kuma roƙi kamfanin ya rubuta ainihin shekarun.

Abu na biyu shi ne lokaci. Ana lissafin rangwamen ne da cikakkiyar shekara, saboda haka wanda ya bar kamfani a wata na goma ya yi asarar watanni goman nan, ga kuma kuɗin sokewa da galibi ake cira. Lokacin sauyi mafi dacewa shi ne ranar da tsohuwar inshora ke ƙarewa, sabuwar ta fara a daidai nan, kada a bar giɓin ko da yini ɗaya, domin tun 2011 dokar Birtaniya ta wajabta wa kowace mota mai rajista zama da inshora sai in an sanar da hukuma an jingine ta. Wanda ya sayar da motarsa ko ya yi doguwar tafiya ya sani cewa yawancin kamfanoni suna karɓar shaidar ne in ba ta wuce shekara biyu da ƙarewa ba. Haka nan rangwamen mota ɗaya yake hawa a lokaci guda, kuma na wanda inshorar ke da sunansa ne. Matar da aka rubuta sunanta a inshorar mijinta a matsayin ƙarin direba galibi ba ta tara nata, komai daɗewarta tana tuƙi. Wanda ya ƙaura daga wata ƙasa, kamar Najeriya ko Gana, ya tambaya tun kafin ya biya, domin ba kowane kamfani ke karɓar shekarun da aka tara a waje ba.

Abu na uku shi ne gaskiya, kuma a nan ne mutane suka fi jefa kansu cikin wahala. Kamfanonin Birtaniya suna da rumbun bayanai na bai ɗaya da aka kafa a 1994, inda ake ajiye labarin haɗurran da aka kai rahoto har tsawon shekara shida, ko an biya diyya ko ba a biya ba. Dokar 2012 kan bayanan da mai sayen inshora ke bayarwa ta ɗora masa nauyin amsa tambayoyi da kula. In ya yi kuskure bisa sakaci, za a iya rage diyyar da za a ba shi; in da gangan ya ɓoye, kamfani na da ikon rushe yarjejeniyar, ya ƙi biya, ya kuma riƙe kuɗin da aka ba shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a wannan harka ranar da ake gano ta ita ce ranar haɗari, lokacin da mutum ya fi bukatar inshorar.

Mai ja zai ce, ai wanda ya daɗe da kamfani ya fi samun sassauci. Abin da aka gani a kasuwar Birtaniya akasin haka ne. Hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi ta gano cewa kamfanoni na jawo sababbin masu saye da farashi mai rahusa, sannan su riƙa ƙara wa tsofaffi kuɗi kaɗan-kaɗan duk shekara. Shi ya sa daga 1 ga Janairu 2022 ta hana a caji mai sabuntawa fiye da abin da za a caji sabon mai saye irinsa. Sai dai dokar ta daidaita farashi ne a cikin kamfani ɗaya, ba ta ce kamfanin naka ne mafi araha a kasuwa ba. Kuma girman rangwame shi kaɗai ba ya nuna araha. A ɗauka wani kamfani ya sa asalin kuɗinsa fam 1,000 ya rage kashi 65, direba zai biya fam 350. Wani kuma ya sa fam 800 ya rage kashi 60, direba zai biya fam 320. Abin dubawa shi ne kuɗin ƙarshe da abin da inshorar ta ƙunsa.

Ƙorafi na biyu a kan sauya kamfani ya fi nauyi, kuma akwai gaskiya a cikinsa. Neman diyya sau ɗaya yakan mayar da direba baya da shekara biyu, shi ya sa da yawa ke biyan ƙarin kuɗi don a kare musu rangwamen, galibi bayan sun tara shekara huɗu. Wanda ya yi haɗari a ƙarƙashin wannan kariya zai fita da shekarunsa cif a takarda, amma dole ya faɗa wa sabon kamfani haɗarin, kuma kamfanin na iya ɗaga asalin kuɗin ko ya ƙi ba shi irin kariyar. Haka ma wanda ke da da'awar da ba a gama warwarewa ba: ko da laifin na wani ne, ana iya rage masa rangwame na wucin gadi har sai kamfaninsa ya karɓo kuɗinsa daga ɗaya ɓangaren. Irin waɗannan direbobi ya kamata su yi lissafi a tsanake, wani lokacin ma jira ya fi. Amma a tuna cewa kariyar ba ta hana tsohon kamfanin ma ɗaga kuɗi bayan haɗari, domin shekarun take karewa, ba farashin ba. Hukumar gasar kasuwanci ta Birtaniya ta ga yadda wannan ke rikita mutane, har ta ba da umarni a 2015 cewa kamfanoni su riƙa bayyana kuɗin kariyar da iyakarta a fili.

Ke nan ko a wannan hali mai wuya, abin da ke yanke hukunci shi ne kwatanta farashi da sharuɗɗa, ba tsoron zubewar rangwame ba. Direban da sanarwar sabuntawa ta iso masa ya duba adadin shekarun da aka rubuta, ya nemi a gyara in akwai kuskure, ya tambayi sabon kamfani irin shaidar da yake karɓa da wa'adinta. In aka tauye masa shekarunsa, yana da damar kai ƙorafi ga kamfanin, in mako takwas ya wuce ba a warware ba ya garzaya ofishin sasanta ƙorafe-ƙorafen harkar kuɗi, wanda ba ya karɓar ko sisi daga mai ƙorafi. Shekarun da mutum ya yi yana tuƙi da natsuwa ya cancanci a biya shi ladansu, kuma kamfani ba ya ƙoƙarin sauko da farashi sai ya san abokin cinikinsa zai iya ɗaukar tarihinsa ya kai wani wuri.