Gwamna a Dosso, gwamna a Birnin Kebbi: suna ɗaya, iko da kuɗi daban

Mutanen Arewa suna zaune a ɓangarori biyu na iyaka. Wasu suna Dogonduci da Tibiri a jihar Dosso, wasu suna Kangiwa, hedikwatar ƙaramar hukumar Arewa Dandi a jihar Kebbi ta Najeriya. Ko'ina ana cewa “jiha”, ana cewa “gwamna”, amma abin da kalmomin ke nufi ba ɗaya ba ne. Najeriya tarayya ce, Nijar kuwa ƙasa ce mai gwamnati guda. Wannan bambanci shi ke nuna ƙofar da talaka zai buga idan rufin aji ya faɗi ko famfon gari ya lalace.

Yadda tarayya take a maƙwabta

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya raba iko tsakanin gwamnatin tarayya da jihohi 36, sannan ya amince da ƙananan hukumomi 774. Soja, ƴan sanda, buga kuɗi, duwan, man fetur da hulɗa da ƙasashen waje suna hannun Abuja. Jiha tana da gwamnan da jama'a suka zaɓa, da majalisar da ke yin dokoki, da kotuna, da kasafin kuɗinta. Shugaban ƙasa ba ya naɗa gwamnan Kebbi.

Ta fannin kuɗi, yawancin abin da ake samu daga man fetur, duwan da harajin kamfanoni yana shiga asusu ɗaya. Kowane wata wani kwamiti mai suna FAAC yana zama ya raba. Da farko ana ware kashi 13 cikin 100 na kuɗin fetur ga jihohin da ake haƙo shi. Abin da ya rage, tarayya ta ɗauki kashi 52,68, jihohi su ɗauki 26,72, ƙananan hukumomi 20,60. Kebbi, wadda aka cire daga jihar Sakkwato a 1991, tana da nata kaso, haka ma ƙananan hukumominta 21. Ba alfarma ba ce, doka ce.

Sai dai tsarin yana da nasa ciwo. Jihohi da yawa sun dogara ga rabon Abuja fiye da harajin gida. Shekara da shekaru kuma gwamnoni na riƙe kuɗin ƙananan hukumomi ta hanyar asusun haɗin gwiwa, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa biyan su kai tsaye.

Hanyar da Nijar ta zaɓa

An yi muhawarar tarayya a nan ma. A shekarun 1990 ƴan tawayen arewacin ƙasa sun nemi yankunansu su yi mulkin kansu. Yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilun 1995 ta bi wata hanya: ƙasa ta zauna guda, amma a sauko da wani ɓangare na iko kusa da jama'a. An yi zaɓen komin na farko a duk faɗin ƙasa a watan Yulin 2004, na majalisun jihohi kuma a Janairun 2011.

A wannan tsari Yamai ce ke naɗa gwamnan Dosso, ita ce kuma ke naɗa prefe. Gunduma ba ta da majalisa ko kasafin kuɗi irin na komin. Shi ya sa da aka cire Tibiri daga Dogonduci a 2011, hukuma ta matso kusa, amma ba wata sabuwar baitulmali aka buɗe ba. Kasafin kuɗi yana a komin: Dogonduci, Matankari, Kiyeshe, Ɗankasari, Dogonkiriya da Sukukutan a gefe guda, Tibiri, Gesheme, Dumega da Kore Mairuwa a ɗaya gefen.

Daga ina kuɗin komin ke fitowa?

Hanya ta farko ita ce abin da komin ke tarawa da kanta: lanhon da masu gari ke karɓa, tikitin kasuwa, na kasuwar dabbobi da na tasha. Ta biyu, wani kaso na harajin da ma'aikatan gwamnati ke karɓa a mayar wa komin, kamar patanti. Ta uku, tallafin gwamnati da ke bi ta hukumar ANFICT da aka kafa a 2008. Sai kuma taimakon abokan hulɗa. Doka ta tanadi kashi 15 cikin 100 na kuɗin ma'adinai da na fetur, amma ga yankunan da ake haƙo su.

A Janairun 2016 gwamnati ta miƙa wa komin da jihohi ayyuka a fannoni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Kukan da magadan gari suka daɗe suna yi shi ne, an ɗora musu kaya ba a ba su jaki ba. Komin ta karkara da kasuwar mako ce babbar madogararta ba za ta iya gina azuzuwa, ta gyara rijiyoyi, ta kula da ɗakin shan magani da lanho kaɗai ba, musamman a shekarar da damina ba ta yi kyau ba.

Akwai wani bambanci da ya fi kuɗi nauyi. A tarayya kundin tsarin mulki ne ya ba jiha ikonta. A ƙasa mai gwamnati guda, gwamnatin tsakiya ce ke bayarwa, tana kuma iya karɓewa. Ranar 4 ga Afrilun 2024 hukumomin CNSP sun rusa majalisun komin da na jihohi, suka naɗa kantomomi su riƙe ma'aikatun magajin gari.

Ko zaɓaɓɓe ne a kan kujera ko naɗaɗɗe, lanho da tikitin kasuwa daga aljihun jama'a suke fitowa. Mai biya yana da haƙƙin ya karɓi rasit, ya tambayi nawa aka tara a bana da abin da aka yi da shi. Albashin malami ko gyaran babbar hanyar da ta ratsa Dogonduci zuwa Ƙonni na gwamnatin tsakiya ne. Rumfunan kasuwa, shara da takardun haihuwa kuwa, ma'aikatar magajin gari za a tambaya.