Shimfiɗar tare ɗumi a tsofaffin gidajen Birtaniya

Shimfiɗar tare ɗumi wani abu ne da ake sanyawa a rufi ko bango don hana ɗumin gida fita lokacin sanyi. A Birtaniya, gidan da ba shi da ita yana rasa kusan rubu'in ɗuminsa ta rufi. Shi ya sa masu gyaran tsofaffin gidaje kan fara da saman silin, inda aikin ya fi araha: ana shimfiɗa audugar gilashi ko ta dutse mai kaurin milimita 270. Yawancin gidajen da aka gina kafin 1920 bangonsu ba shi da rata a tsakiya, saboda haka aikinsa ya fi tsada. Wajibi ne a bar wa iska hanya, in ba haka ba danshi zai ruɓar da katakon rufin.