Cutar Siliyak a Ƙasar Arewa: Alamun da ke Bayyana Nesa da Ciki

Siliyak cuta ce da ke tasowa idan garkuwar jiki ta afka wa ƙaramin hanji saboda gulutin, wato sinadarin da ke cikin alkama da sha'ir wanda ke sa kwaɓin fulawa danƙo, har bangon hanjin ya lalace ya kasa tsotse amfanin abinci. Likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, ya bayyana alaƙarta da alkama a 1950. Gero da dawa da masara da wake ba su da gulutin, saboda haka yaron Dogondutsi ko Tibiri da ya tashi da fura da tuwo yana iya gadon cutar ta kwanta a jikinsa, sai ran da burodi da taliya da biskit suka zama cimarsa. Ba kuma ciwon Turawa kaɗai ba ne, domin binciken da aka wallafa a 1999 ya same ta a jikin kashi 5.6 cikin ɗari na yaran al'ummar Sahrawi ta Arewacin Afirka, alhali a duniya kusan kashi 1 ne.

Abin da ke ɓoye ta shi ne yara da yawa ba sa zawo ko kumburin ciki. Wani ƙarancin jini ne ke damunsa, wanda ba ya jin maganin ƙarin jini, kuma a yankin da zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da amosanin jini suka yawaita, da wuya tunanin likita ya kai ga alkama. Wani tsumburewa yake yi, sa'o'insa su wuce shi tsawo, balaga ta yi jinkiri, a ɗora laifin kan tamowa ko da rumbun gidan cike yake. Haƙoran dindindin sukan fito da tabo fari ko rawaya, ko da ƙananan ramuka, dama da hagu daidai wa daida. Akwai gyambon baki mai yawan dawowa, da ciwon gaɓoɓi, da ciwon kai, da saurin fushi, wani lokaci da ƙuraje masu tsananin ƙaiƙayi a gwiwar hannu da ta ƙafa.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke tabbatar da cutar. Gwajin jini na musamman ne ke nuna ta, wani lokaci a haɗa da duba ɗan gutsuren hanji. Bai kamata iyaye su janye alkama kafin gwajin ba, domin hakan na ɓata sakamakon. Idan ta tabbata, maganinta barin alkama da sha'ir ne har ƙarshen rayuwa.