15 Ga Janairu: Abin da Ya Tabbata da Abin da Aka Ƙara

Duk shekara, da watan Janairu ya raba tsakiya, sai saƙonnin "a rana irin ta yau" su cika WhatsApp da Facebook. A jero sunayen manya da shekaru, a ɗora hoton Sardauna, a rufe da cewa wannan rana tana da wani sirri. Ba duka ne ƙarya ba, kuma nan matsalar take: gaskiyar da ke ciki ita ke yi wa ƙaryar rakiya har ta shige zuciyar mai karatu. Don haka bari mu zauna mu tsince tsakuwa daga shinkafa, mu bi maganganun ɗaya bayan ɗaya.

"A ranar aka kashe Sardauna." Gaskiya ne.

Da asubahin Asabar, 15 ga Janairun 1966, sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu suka afka wa gidan Firimiyan Jihar Arewa a Kaduna. Suka kashe Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, tare da uwargidansa Hafsatu. A harabar wannan gida ne Arewa House take a yau, cibiyar binciken tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello. Masu cewa abin ya faru cikin azumi su ma sun yi daidai, domin ranar ta faɗo cikin goman ƙarshe na Ramadan na shekarar 1385 bayan Hijira. Inda wasu ke zamewa shi ne kiran sa shugaban ƙasa ko Firayim Ministan Najeriya. Bai taɓa riƙe ko ɗaya ba. Firimiyan Arewa ne tun 1954, kuma shugaban jam'iyyar NPC.

"Tare aka kashe su da Tafawa Ɓalewa a Kaduna." Ba haka ba ne.

Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa yana Legas a daren, kwana kaɗan bayan ya karɓi baƙuncin taron shugabannin ƙasashe renon Ingila kan rikicin Rodeshiya. Wani rukuni ne dabam, wanda Manjo Emmanuel Ifeajuna ke ja, ya ɗauke shi daga gidansa, ya kuma ɗauke Ministan Kuɗi Festus Okotie-Eboh. Aka yi kwanaki ba a san inda Firayim Ministan yake ba. Sai wajen mako guda aka gano gawarsa a gefen hanyar Legas zuwa Abeokuta, aka kai ta Bauchi aka yi masa sutura. Dare ɗaya ne, makirci ɗaya ne, amma garuruwa dabam da hannuwa dabam. A Ibadan kuma aka kashe Firimiyan Yamma, Samuel Ladoke Akintola, wanda kwana ɗaya kafin nan ya je Kaduna ya gana da Sardauna.

"'Yan Arewa kaɗai aka kashe." Rabin magana ce.

Arewa ta yi rashi mai nauyi, babu mai musu. Bayan shugabannin siyasa biyu, an kashe manyan hafsoshinta: Birgediya Zakariya Maimalari, Kanar Kur Muhammad, Laftanar Kanar Abogo Largema da Laftanar Kanar James Yakubu Pam. Amma a Kaduna an kashe Birgediya Samuel Ademulegun da matarsa, da Kanar Ralph Shodeinde, dukansu Yarabawa. Okotie-Eboh ɗan Jihar Tsakiyar Yamma ne. A Legas an kashe Laftanar Kanar Arthur Unegbe, ɗan ƙabilar Ibo. Cikin waɗanda suka shirya abin ma akwai Manjo Adewale Ademoyega, Bayarabe. A ɗaya ɓangaren, ba ƙarya ba ne cewa mafi yawan manjojin 'yan ƙabilar Ibo ne, kuma ba a taɓa Firimiyan Gabas Michael Okpara ba, ba a taɓa na Tsakiyar Yamma Dennis Osadebay ba, Shugaban Ƙasa Nnamdi Azikiwe kuwa yana ƙasar waje. Wannan bambanci ne ya hura wutar zargin da ta kai ga juyin mulkin 29 ga Yuli na shekarar. Mai son adalci zai faɗi ɓangarorin biyu. Wanda ya ɗauki ɗaya ya ɓoye ɗayan, ba tarihi yake koyarwa ba.

"Nzeogwu ne ya hau mulki." Ƙarya ce.

Ya riƙe Kaduna na 'yan kwanaki, ya yi jawabi a rediyo, amma a Legas shirin ya wargaje. Manjo Janar Johnson Aguiyi-Ironsi, babban kwamandan soja, shi ministocin da suka rage suka miƙa wa ragama a daren 16 ga Janairu. Nzeogwu ya miƙa wuya aka tsare shi. A Yulin 1967 aka kashe shi kusa da Nsukka, a farkon yaƙin basasa.

"Shi ne juyin mulkin soja na farko a Afirka." Ko kusa.

Na farko ne a Najeriya kawai. Sojojin Masar sun kifar da Sarki Faruƙ tun 1952. Janar Ibrahim Abbud ya karɓe mulkin Sudan a 1958. A Togo an kashe Shugaba Sylvanus Olympio ranar 13 ga Janairun 1963. Mobutu ya ƙwace Kwango a Nuwambar 1965. Ko a cikin Janairun 1966 ɗin ma Najeriya ba ta zo ta farko ba: Bokassa ya riga ya hau a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ranar sabuwar shekara, Sangoulé Lamizana kuma ya karɓi Upper Volta, Burkina Faso ta yau, ranar 3 ga wata. Na Ghana, wanda ya kawar da Kwame Nkrumah, shi ne ya biyo baya a 24 ga Fabrairu.

"A ranar yaƙin basasa ya ƙare." Gaskiya ne, da ɗan ƙarin bayani.

Yaƙin da aka fara 6 ga Yulin 1967 ya zo ƙarshe a hukumance ranar Alhamis, 15 ga Janairun 1970, lokacin da Philip Effiong, a madadin Biyafara, ya miƙa wuya ga Janar Yakubu Gowon a Barikin Dodan da ke Legas. Sai dai kafin nan shugaban Biyafara, Ojukwu, ya riga ya fice zuwa Kwaddibuwa, kuma tun 12 ga wata Effiong ya sanar a rediyo cewa dakarun Biyafara su ajiye makamai. Daga nan ne 15 ga Janairu ta zama Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya. A da Najeriya na yin wannan biki ne 11 ga Nuwamba, kamar sauran ƙasashe renon Ingila, don tunawa da ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ƙarshen yaƙin basasa ne ya sa aka mayar da shi 15 ga Janairu. Saboda haka masu cewa an ware ranar ne don juyin mulkin 1966 sun haɗa abubuwa biyu dabam da suka faɗo a kwanan wata ɗaya.

"A ranar aka kashe Lumumba, Murtala da Martin Luther King." Babu ko ɗaya.

Nan ne ake cusa sunaye don jerin ya yi tsawo. Patrice Lumumba an kashe shi ne 17 ga Janairun 1961 a Katanga. Janar Murtala Ramat Muhammad kuwa ranar Juma'a, 13 ga Fabrairun 1976, a Legas. Martin Luther King yana da alaƙa da ranar, amma ta haihuwa: an haife shi 15 ga Janairun 1929 a Atlanta, aka harbe shi 4 ga Afrilun 1968 a Memphis. Hutun da Amurka ke yi da sunansa ma ba a ɗaure yake da 15 ga wata ba. Litinin ta uku ce a Janairu, duk inda ta faɗo.

"Rana ce ta baƙin jini." Tarihi bai goyi bayan wannan ba.

Wanda ya tattara mace-mace kaɗai, kowace rana a shekara za ta fito masa baƙa. Ranar da aka zubar da jini a 1966 ita ce ranar da aka rufe babin yaƙi a 1970. A ranar aka haifi Jamal Abdul Nasir a Iskandariyya, a 1918. A ranar, a 1971, Anwar Sadat ya ƙaddamar da babbar madatsar ruwa ta Aswan a kan kogin Nilu. A ranar, a 2001, aka buɗe Wikipedia, wadda yau take da sashen Hausa.

Ban da haka, kwanan wata lissafi ne na mutane, kuma lissafin ba guda ba ne. A ƙidayar Hijira, abin da ya faru a 1966 cikin Ramadan yake, na 1970 kuma cikin Zulƙida na 1389. Ga mai bin wannan ƙidaya ba su haɗa rana ba, ba su haɗa wata ba. Ko a wajen Turawa ma kalandar ta canja. An naɗa Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya 15 ga Janairun 1559, amma bisa tsohuwar kalandar Juliyas, wadda Ingila ba ta bari ba sai 1752. Da za a juya ta zuwa lissafin da muke bi yanzu, ranar za ta koma 25 ga wata. Sirrin da ke canja wuri idan an canja kalanda ba sirri ba ne.

Haɗuwar abubuwa a rana ɗaya kuma ba abin mamaki ba ne. Kwanakin shekara 365 ne kacal, abubuwan da suka faru a duniya kuwa ba su ƙidayuwa, dole su yi ta cin karo. Masana lissafi sun nuna cewa cikin taron mutum 23 kawai, yiwuwar a samu biyu masu ranar haihuwa ɗaya ta ɗan haura rabi.

Waɗanda suka rasu a wannan rana suna da 'ya'ya da jikoki a raye, kuma raunin bai gama warkewa ba a Arewa da Kudu. Ƙara gishiri a labarinsu ba girmamawa ba ne, zubar da ƙimar gaskiyar da ke ciki ne. Don haka idan irin wannan saƙo ya shigo wayarka, ka tambayi abu uku kafin ka tura: wace shekara, a wane gari, wa ya tabbatar? Abin da ya inganta ka yaɗa shi, ka yi wa mamatan addu'a. Abin da bai inganta ba, ka bar shi ya tsaya a kanka.